Ranar da Katsina ta cinye Kano: zamana da MetPy

Taswirar farko da na fitar da MetPy, na buga ta a takarda na kai wa wani dattijo da muke aiki tare, wanda ya yi shekaru yana zana irin wannan taswira da hannu tun zamanin da ake ɗaure biro biyu, ja da baƙi, wuri guda. Ya gyara tabarau ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa. Sai ya ce, "Malam, tururuwa ce ta faɗa cikin tawada ta bi ta kan takardar nan?" Ban ji haushi ba, don gaskiya ya faɗa. Daga Legas zuwa Akra baƙi ƙirin, lamba a kan lamba, kibiyar iskar Kwatano ta soke zafin Lome, na Ibadan ya hau kan na Legas. Daga Agadas zuwa Bilma kuwa, tazarar sama da kilomita 500, fari fat, ko ɗigo babu.

Ni malamin labarin ƙasa ne, ina koyar da darasin yanayi a wata makarantar gaba da sakandare a Arewa, kuma ban taɓa kiran kaina gwanin kwamfuta ba. Damina uku ke nan ina shirya wa ɗalibaina taswira da MetPy. Abin da zan faɗa ya tsaya ne a kan aiki ɗaya da manhajar ke yi, wato rage cunkoso a taswira, don shi ne ya fi ba ni ciwon kai, shi ne kuma daga baya ya sa na zauna da ita.

Ga wanda bai san ta ba, MetPy tarin kayan aiki ne da aka rubuta da Python, wani harshen rubuta manhajar kwamfuta, domin masu nazarin yanayi. Cibiyar Unidata da ke garin Boulder a Amurka ce ke kula da ita. Kyauta ce, ba a biyan ko sisi, kuma fitowarta mai lamba 1.0 ta zo ne a ƙarshen 2020. An gina ta da niyyar ta gaji tsohuwar manhajar GEMPAK wadda jami'o'in can suka daɗe suna aiki da ita. Ba irin manhajar da za ka buɗe ka yi ta latse-latse ba ce. Rubuta mata za ka yi layi-layi, ka faɗa mata abin da kake so, ita kuma ta yi daidai abin da ka faɗa, ko da ba shi kake nufi ba.

Kowace tasha, wato wurin da ake auna yanayi a aiko da rahoto, tana da ɗan gidanta a taswirar yanayi, kuma fasalin gidan kusan ɗaya ne a duk duniya. Da'ira a tsakiya, ana cike ta gwargwadon yadda gajimare ya rufe sama, a kashi takwas. Zafi a sama ta hagu. A ƙasa ta hagu ma'aunin raɓa, wato sanyin da iska za ta kai kafin danshin cikinta ya fara sauka. A sama ta dama matsin iska cikin lambobi uku, 1011.6 ya koma 116, abin da ke rikita ɗalibai duk shekara. Tsakanin zafi da raɓa akwai alamar abin da ake ciki, hazo ne ko ƙura ko tsawa. Sai kibiyar iska, mai nuna inda iskar ta fito, guntun gashi not 5, cikakke not 10, tuta not 50, not ɗaya kuwa kusan kilomita 1.85 ne a awa. A nan dole in yaba. MetPy tana zana wannan gida tsaf, alamominta su ne na Hukumar Yanayi ta Duniya, alamar hazo da ta ƙura sun fito yadda suke a littafi. Gida ɗaya yana da kyau. Matsalar ita ce idan gidaje goma suka nemi fili ɗaya.

Maganin da ta tanada sunansa reduce_point_density. Ka ba shi wuraren tashoshinka, ka ba shi tazarar da kake so a bari tsakaninsu, shi kuma ya mayar maka da jerin e da a'a: wannan ta zauna, waccan ta tafi. Layi ɗaya ne, kuma kafin ƙiftawar ido ya gama, ko a tsohuwar kwamfutata mai tari.

Karon farko na yi shirme. Na miƙa masa wuraren tashoshi a digiri yadda suka zo, sannan na rubuta tazara 150000, ina nufin mita. Shi kuwa ya ɗauka digiri dubu ɗari da hamsin nake nufi, wanda ya fi faɗin duniya nesa ba kusa ba. Taswirar ta fito fes, duk Afirka ta Yamma tasha ɗaya tal, Kwatano, tana tsaye a bakin teku kamar marainiya. Na yi kusan awa guda ina zargin bayanan da na sauko da su. Hanyar da ta dace ita ce ka fara mayar da digiri zuwa mita a kan shimfiɗar taswirar da za ka zana, Cartopy, wata manhajar Python ta zana taswira, ce ke yin wannan, sannan ka ba da tazarar. Ni shimfiɗar Mercator nake ɗauka, don a yankinmu ba ta cika kumbura ƙasa ba: a daidai Katsina ƙarin bai kai kashi uku cikin ɗari ba. Kuma ko da ya kai, ba damuwa, tunda abin da kake gudu shi ne lambobi su taka juna a takarda, ba a ƙasa ba.

Da na gyara wannan sai na ɗauka na gama. Ashe ban fara ba.

Wani Janairu ne, hunturu ya kankama, na shirya darasi a kan yadda ƙurar da ke tasowa daga kwarin Bodele a Cadi, arewa maso gabas da Tafkin Cadi, take biyo iska ta sauko mana. Niyyata ɗalibai su bi ta da yatsa daga Faya ta arewacin Cadi zuwa Damagaram zuwa Kano, su ga yadda nisan gani ke raguwa tasha bayan tasha. Na sa tazarar kilomita 150, taswira ta fito tsaf, na haska ta a allo da majigi ina jin daɗin kaina. Ban kai ga buɗe baki ba wata ɗaliba a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina Kano?"

Na juya na duba. Babu Kano. Babu Maraɗi. Katsina ce zaune a tsakiya ita kaɗai, ta baje. Kuma a safiyar nan rahoton filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne kan gaba a darasin, don nisan gani a can bai kai kilomita ɗaya ba. Ajin ya ɗauki dariya, wani daga baya ya ce ai dama Katsinawa sun daɗe suna jiran wannan rana.

Da dare na buɗe rubutun aikin da kansa, tunda a fili yake kowa na iya karantawa, kuma bai fi shafi guda ba. Abin da yake yi mai sauƙi ne. Yana ɗaukar tasha ta farko a jerinka, ya zagaye ta da da'ira wadda daga tsakiyarta zuwa bakinta tazarar da ka ba shi ce, duk wadda ta faɗa ciki ya share ta. Ya matsa zuwa ta gaba da ba a share ba, ya maimaita, har jerin ya ƙare. Wanda ya riga shiga mota shi ke da kujera. A jerina na ranar, rahoton Katsina ya zo kafin na Kano. Daga Katsina zuwa Kano a miƙe kusan kilomita 140 ne, zuwa Maraɗi kusan 80, duka biyun sun faɗa cikin da'irarta. Da Kano ce ta riga zuwa, da Katsina ce za ta tafi, Maraɗi ta tsira, in samu tashoshi biyu a madadin ɗaya. Tazara ɗaya, bayanai ɗaya, taswira daban, saboda kawai wanda ya riga wani a layi.

Laifina ne, don an rubuta wannan a bayanin aikin, ni ne ban karanta ba. Amma ya nuna mini abin da nake ganin duk mai amfani da manhajar a yankinmu ya kamata ya riƙe. A misalan da suka zo da ita, taswirar Amurka ake yawan nunawa, inda tashoshi suke kamar yashi. A can idan ka share tasha guda, maƙwabciyarta a ɗan nesa kaɗan za ta faɗi kusan abin da za ta faɗa. A Sahel ba haka ba ne. Tashoshinmu kaɗan ne, wasu kan yi shiru na awoyi, wadda ta yi magana kuwa mai yiwuwa ita kaɗai ce shaida a faɗin kilomita ɗari biyu ko uku. Manomi idan zai rage shukar gero a rami, yana dubawa ya bar masu ƙarfi. Wannan aiki ba ya dubawa, sai ka ba shi ido.

Idon kuwa akwai shi, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a manhajar. Akwai gurbi na uku mai suna priority, inda za ka ba kowace tasha makin fifiko. Mai maki mafi yawa ita ake fara zaunarwa, sauran su bi. Ba ta tilasta maka wani tsari ba, kai ne za ka yanke abin da ya fi muhimmanci. Ga yadda nake yi yanzu. Kowace tasha tana fara da maki daidai da yawan guraben da ta cike, zafi ɗaya, raɓa ɗaya, iska ɗaya, haka. Sannan akwai waɗanda nake kira iyayen gida, Kano, Sakkwato, Maiduguri, Yamai, Damagaram, Agadas da Injamena, ina ƙara musu ɗari-ɗari don kada kowa ya taɓa su. Sai ƙari na ƙarshe gwargwadon darasin ranar: a hunturu wadda nisan ganinta ya fi raguwa ta samu ƙari, da damina wadda ta ba da rahoton tsawa ko ruwa.

Wannan ƙari na ƙarshe da hattara nake yin sa. Idan kullum tashar da ta fi muni kake zaɓa a kowace da'ira, taswirar za ta fito kamar duk ƙasar ta nutse a ƙura, alhali rabin tashoshin da ka ɓoye suna cewa 9999, wato ana ganin kilomita goma ko fiye. Ba ka ƙara ko lamba ɗaya ta ƙarya ba, amma taswirar ta yi ƙarya. Don haka duk tashar da aka share ina sa mata ɗan ɗigo mai ruwan toka a wurinta, mai karatu ya san akwai mai magana a nan, ba a ba shi fili ba ne kawai. Layi biyu ne a Matplotlib, manhajar zane ta Python.

Makin fifiko ya warware mini wata matsalar da ban ma san sunanta ba. Idan ina jera taswirori na awa uku-uku don ɗalibai su ga tafiyar hadari, tashoshi kan riƙa ɓullowa suna ɓacewa daga hoto zuwa hoto, Zariya yanzu, Kaduna an jima, saboda jerin rahoto ba ya zuwa iri ɗaya kullum, su biyun kuma tsakaninsu bai fi kilomita 65 ba. Ido ba ya samun wurin tsayawa. Da na kafa maki tsayayye sai kowa ya zauna a inda aka san shi.

Akwai tarkuna biyu ƙanana da sai ka share su kafin ka kira aikin rage cunkoson. Na ɗaya, tasha guda kan aiko rahoto fiye da ɗaya a cikin awa, na ƙa'ida da na musamman idan yanayi ya juya. Tunda wurinsu ɗaya, guda ce za ta tsira, kuma ba lalle ta zama sabuwar ba. Na biyu ya fi ban haushi: tashar da ta aiko suna kawai, ba zafi ba iska, ita ma tana da ikon korar maƙwabciyarta mai cikakken rahoto, ka tarar da da'ira fanko zaune a inda ya kamata ka ga bayani. A fara zubar da fankon, a tace maimaici, sannan a rage.

Ita kanta tazarar, na daɗe ina cankarta kamar mai caca, 100, 200, 120, har na gane lissafi ne na 'yan firamare. Taswirar da ta taso daga digiri 20 yamma zuwa 25 gabas faɗinta kusan kilomita 5,000 ne. A takardar A4 a kwance kana da kamar santimita 27, ke nan kowace santimita ta ɗauki kusan kilomita 185. Ka sa rula ka auna gidan tasha ɗaya, nawa yakan kai santimita ɗaya da rabi, sai tazarar ta kama wajen 280. A A3 ta sauko ƙasa da 200. Ka ƙara girman rubutu don na bayan aji su gani, dole tazara ta ƙaru. MetPy ba ta yi maka wannan lissafin, ba ta san girman takardarka ba a lokacin da take sharewa. Haka kuma da'ira take aunawa, alhali gidan tasha ya fi faɗi a kwance fiye da a tsaye. Dabarar da nake yi ita ce in ɗan miƙe ma'aunin kudu da arewa, in ninka shi da 1.3 kafin in miƙa, sai tashoshin da ke saman juna su samu sassauci. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, don daga kudu zuwa arewa yanayi ya fi sauyawa.

Amma rage cunkoso mafi amfani da na yi ba tashoshi na kora ba, kaya na rage musu. Baba, dattijon nan, shi ya fara tambayata, "Matsin iskar nan da ka cika takarda da shi, wa zai karanta?" Kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa matsin iska ba ya bambanta sosai daga gari zuwa gari, iska ce ke ba da labari. Ga kuma tasha irin Jos da ke sama da mita 1,200, wadda lambarta idan an mayar da ita daidai da doron teku ba ta cika zama lafiya da na maƙwabta ba. Na cire matsin iska, na cire sunan tasha, gidan ya tsuke, tazara ta sauko, tashoshin da da za su tafi suka zauna. Idan darasin neman iyakar iskar damina da ta hunturu ne, layin nan da ke hawa arewa har wajen digiri 20 a Agusta ya kuma gangaro da kaka, abu biyu kawai nake bari: ma'aunin raɓa da kibiya. Inda raɓa ta haura digiri 15 iska kuma na fitowa daga kudu maso yamma, damina ta iso. Inda ta yi ƙasa iska na fitowa daga arewa maso gabas, ba ta iso ba. Ɗalibi ya ja layinsa da fensir a tsakani. Idan kuwa kwamfuta ce za ta ja layukan, da dukkan tashoshi nake ba ta, har waɗanda aka ɓoye, sharewar ta ido ce kawai.

Abubuwan da ba ta yi, gara a san su tun kafin a fara. Hoto tsayayye take fitarwa. A IDV, wadda ita ma ta Unidata ce, akwai wurin da za ka latsa ta rage cunkoso da kanta, kana matsowa kusa tashoshi na ƙaruwa, haka ma AWIPS da masu hasashen Amurka ke aiki da ita. A MetPy duk sauyin girma sai ka sake lissafi. Mai zaman hasashe da jirgi ke jiransa ba zai so wannan ba. Ni da nake shirya takardar aji tun daren jiya, bai dame ni ba, kuma gwamma in san dalilin da ya sa kowace tasha ta zauna. Sannan tana karanta rahoton filayen jirgi, METAR, kai tsaye ta mayar da shi jadawali, amma ba ta da mai karanta SYNOP, rahoton lambobi biyar-biyar da tashoshi da dama na yankinmu ke aikawa da shi. Wannan sai ka nemi wata hanya ka warware shi, ka haɗa jadawalin da kanka. Bayananta da bidiyoyin koyarwarta na YouTube da Turanci suke, abin da zai ɗan wahalar da 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci. Wajen girkawa kuma, ka tanadi data da wuta, ka kuma tuna Cartopy sai ta sauko da zanen iyakoki da gaɓar teku daga intanet a karon farko da ka kira su. Ka yi wannan a gida, kada ka bari sai a gaban ɗalibai.

Abu ɗaya da Baba bai yafe mata ba har yau shi ne ba ta san matsawa ba, kora kawai ta sani. A zamaninsu idan Legas da Kwatano suka matse, sai a zana gidan ɗaya a cikin teku inda fili yake, a ja ɗan siririn layi zuwa ainihin wurinta, ba wadda ta rasa. Na gwada kwaikwayonsa: na ware tashoshin gaɓa guda huɗu, na rage musu digiri ɗaya da rabi su gangara cikin ruwa, na ja layin da hannu a rubutun. Ya yi, sai dai aikin hannu ne, kowace sabuwar taswira sai ka sake dubawa.

Wa zan ba shawarar ya ɗauke ta? Malami, ɗalibin da ke rubuta kundin bincike, ma'aikacin da ke fitar da taswira iri ɗaya kowace safiya yana so ta fito ba tare da ya taɓa ta ba. Wanda yake so ya ga ko za a yi ruwa gobe, Windy a wayarsa ta ishe shi. Sati biyu na farko za ka sha wuya idan ba ka taɓa Python ba, bayan nan rubutun da ka yi sau ɗaya zai yi maka shekaru. Nawa bai kai layi tamanin ba, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku nasa lissafin makin fifiko ne.

Makon jiya na kai wa Baba sabuwar taswira, A3, raɓa da kibiya da alamar yanayi kawai, ɗigo-ɗigon toka a inda aka ɓoye, Kwatano a cikin teku da layinta. Ya daɗe yana bin ta da bayan biro daga Yamai zuwa Injamena. Ya ce, "To, wannan ta karantu." Sai ya tsaya a tsakiya ya ƙwanƙwasa takardar. "Amma kibiyar Bauci tana shafar raɓar Jos. Ka ƙara goma."